Ranar da Kyaftin Shomari Ya Saki Sitiyari

Ilala, Dar es Salaam,
Yuli, 1996.

Zuwa ga Yayata Mwanaidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Maskat? Ƙafar Nassoro ta warke kuwa? Mama tana gaishe ku. Ni ma lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikina. Na fara da wannan ne don na san kafin takardar nan ta iso wani ya riga ya buga miki waya ya ce ƙanwarki ta faɗo daga sama. Ban faɗo ba. Amma Yaya, Kyaftin Shomari ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A gefena ya rasu, kafaɗarsa na gogar tawa, muna kan teku.

Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san shi a bakina. Shi ne malamina tun ranar da na fara shiga jirgi, shi ne mai kirana Bebiya saboda tsoron da nake yi wa rediyo. Bikin 'yarsa Sauda za a yi a garinsu, tsibirin Mafia. Iyalinsa sun riga sun tafi ta jirgin ruwa. Shi kuwa ya ce ba zai isa bikin 'yarsa yana amai a kwale-kwale ba, shi da gashinsa ya yi fari a sama. Ya karɓi ɗan jirgin makarantarmu mai kujera huɗu, ya ce in zo in tuƙa, ya zama darasina na farko na tsallaka teku. Don murna ko karin kumallo ban yi ba.

Mun tafi da yayarsa, Bi Mgeni, wata dattijuwa mai jiki da baki. Ta zo da gwangwanayen alewar halwa da ɗaurin zannuwan kanga da turaren wuta kamar za ta buɗe kanti. Da ta ga jirgin sai ta riƙe ƙugu.

"Shomari, wannan akwalar ce kake yi mana kuri da ita shekara da shekaru? Ai motar haya ta daladala ta fi ta mutunci."

"Yaya, ke kaɗai rabin nauyin jirgin ce. Ki shiga ki yi mana shiru."

"Kuma yarinya ce za ta ja mu? To kai mene ne aikinka?"

"Ni yau uban amarya ne. Zama kawai zan yi."

Muka yi ta dariya. Yaya, dariya muka yi.

Kin sha tambayata me ke ba ni tsoro a rediyo. Sararin da ke kan Dar yana da masu shi. Daga filin jirgi har can cikin teku, hasumiya ke da iko: ba ka shiga, ba ka fita, ba ka ƙara tsayi sai ta ba ka izini, domin hanyar manyan jirage ce. Mu kuma da ido muke tuƙi, taswira a cinya, gaɓar teku a taga. Gajimare haramun ne gare mu, wanda ya shiga ba ya sanin sama da ƙasa. Duk wannan ba ya damuna. Amma in na danna maɓallin magana na tuna matuƙan manyan jirage suna saurare, sai harshena ya ɗaure. Ran nan Kyaftin ya naɗe hannu ya ce, "Bebiya, yau ko tari ba zan yi musu ba." Ni na nemi izinin tashi, ni na sanar da su da muka fita daga yankinsu.

Muka bi gaɓa kudu har Kisiju, sannan na karkata cikin teku. Garin ya yi kyau a gabanmu, ko da yake hadari na haɗuwa a baya. Muka wuce tsibirin Koma. Ga jan ruwan kogin Rufiji yana shiga shuɗin teku ta dama. Can gaba Mafia ta fito kamar an ja layi da gawayi. Kyaftin ya nuna ƙasa ya ce, "Wane tsibiri ne wancan?" Na ce Nyororo. Ya ce, "Madalla."

Daga nan sai na ji wani sauti a abin kunnena kamar minshari. Na ɗauka tsokanar yayarsa yake yi. Kafin in waiga ya kife a kan sitiyarinsa. Kin san sitiyarin biyu a haɗe suke, nawa da nasa. Hancin jirgi ya yi ƙasa. Gilashin gaba ya cika da ruwa, babu sama ko kaɗan, inji yana kururuwa, gwangwanayen halwa suna zubowa ta kanmu. Na ja da iyakar ƙarfina, kamar ina jan bango. Ban san me na ce ba. Bi Mgeni ta ce wai ihu nake yi, "Ɗauke shi! Ɗauke shi!" Matar nan da aka sha wahala kafin a tura ta kujerar baya, ta miƙo hannu biyu ta cafki wuyan rigarsa ta fizgo shi baya. Jirgi ya ɗago. Ta warware kangar da ke kafaɗarta ta ɗaure ƙirjinsa da kujera, tana salati, tana marin kumatunsa.

"Shomari! Kai, Shomari! Ba na son wasan banza!"

Idonsa a buɗe. Leɓensa ya yi toka-toka.

Mafia na gabana, ta fi kusa nesa ba kusa ba. Amma ban taɓa sauka a filinta ba, gajere ne, ga iska tana bugowa ta gefe, kuma kin san ɗan asibitin can. Dar na baya, da babban asibiti da titin jirgin da na sani. Na fara juya jirgi. Bi Mgeni ta ga tsibirin yana sulalewa daga taga ta damƙi kafaɗata.

"Ke, ina za ki da mu? Ga gida can! Kai shi gida!"

"Asibiti, Gwaggo."

"Matarsa na can! 'Yarsa na can da lalle a hannu! Ke 'yar nan, ba ki ji na?"

Na ji ta. Ban fasa ba.

Na danna maɓalli na faɗi kalmar neman agaji da ake koya mana, wadda ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba. Duk rediyon ya yi tsit. Sai muryar wani mutum daga hasumiya, a natse kamar mai tambayar kuɗin kifi. Na ce malamina ya suma, ni ɗaliba ce, da fasinja a baya. Sai ya ajiye Turancin aiki ya koma Swahili.

"Ƙanwata, yaya sunanki?"

"Tunu."

"Tunu, kin taɓa sauka ke kaɗai?"

"Na taɓa, a nan Dar."

"To gida za ki dawo. Na ba ki izinin shiga, sararin duk naki ne. Amma ba na ganinki, ke ce idona. Duk abin da kika gani ki faɗa mini."

Hadarin nan da muka bari a baya ya riga ya sauko a kan gaɓa. Ruwa kamar labule. Na yi ƙasa don kada in shiga gajimare, na ƙara yin ƙasa, har ina ganin masunta a kwale-kwale suna ɗaga kai. Na kauce wa ruwan ta cikin teku, sai gaɓar ta ɓace mini gaba ɗaya. Ko'ina toka. Taswirar ta faɗi ƙarƙashin ƙafar Kyaftin. Mutumin hasumiya ya yi ta tambaya me nake gani, ina cewa ruwa, ruwa kawai. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can na hango ɗan tsibiri da hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kansa. Da na faɗa masa sai na ji muryarsa ta canja, karon farko.

"Makatumbe ke nan. Kin wuce arewa. Kada ki ƙara tsayi ko taƙi ɗaya, kin ji?"

Sai ya koma Turanci da sauri, yana umartar wani babban jirgi da ya fasa sauka ya yi sama nan take. Yaya, ina jin matuƙin yana amsawa sai cikin jirgin ya ɓullo daga gajimare a kanmu. Tayoyinsa a waje. Ya rufe mana sama kamar rufin kasuwa, ƙararsa ta shanye ta injinmu, sannan gajimare ya haɗiye shi. Ɗaruruwan mutane ne a ciki. Bi Mgeni da ke ta salati ta yi ɗif, ba ta ƙara cewa komai ba har muka sauka.

Mutumin ya dawo kaina kamar ba abin da ya faru. "Yi hagu kaɗan. Za ki ga bakin tashar ruwa." Na gani, har da jirgin fito na Kigamboni a tsakiyar ruwa. "Bi titin Pugu, zai kawo ki ƙofarmu." Na bi titin da muke bi a daladala, ina kallon rufin kwano a jiƙe. Saukar ba ta yi kyau ba, jirgin ya yi tsalle ya sake yi kafin ya zauna. Motocin kashe gobara suka kewaye mu. Sai da wani ya ɓamɓare yatsuna daga sitiyari.

A asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma tun lokacin da ya kife rai ya yi halinsa. Wato gawa na ɗauko na ratsa hadari da ita, na kusa hallaka jirgi cike da mutane. Bi Mgeni ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Da kin kai shi gida." Ba ta ƙara ba.

An ce a Kilindoni, babban garin Mafia, mutane sun cika bakin filin jirgi da ganguna, mata da guɗa, suna jiran uban amarya. Har sun hango ɗan jirgi daga nesa, suka ga ya juya.

Gobe za a kai shi a wani jirgi da ya fi namu girma. Sun ce in zo. Ban san da wane ido zan kalli Mama Sauda, uwar amarya, ba. Ki yi mini addu'a. Ki gai da maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Tunu.


Kilindoni, Mafia,
Yuli, 1996.

Yaya Mwanaidi,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kuna lafiya, kuma takardata ta farko ta iso. Wannan zan ba wani mai komawa Dar ya jefa a gidan waya, domin ba zan iya riƙe abin da ke cikina har in koma ba. Kada ki karanta wa kowa. Ko Mama ban faɗa wa ba tukuna.

An binne shi a bayan masallacinsu, ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Rumfar da aka kafa don biki ita aka zauna makoki a ciki. Shinkafar pilau da aka tanada don baƙin amarya ita masu ta'aziyya suka ci. Sauda tana zaune a ƙurya, lallenta ya kama ya yi baƙi har gwiwar hannu, tana ta jan mayafi tana rufe shi. Ni kuwa duk inda na wuce sai a yi ƙasa da murya: ita ce yarinyar. Wasu su riƙe hannuna su sa mini albarka, wasu su bi ni da ido. Wani tsoho ya ce mini, "Kin yi ƙoƙari, 'yata, amma mutum a ƙasarsa yake son cikawa." Na ce haka ne, Baba. Me zan ce?

Jiya da hantsi Mama Sauda ta aiko a kira ni ɗakin da take takaba. Ta sallami matan da ke ciki. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, na ce da na san ya riga ya cika da ban juya ba. Ta ɗaga mini hannu.

"Ba ke ce mai ba da haƙuri ba."

Sai ta faɗa mini. Makonni kaɗan kafin biki ya faɗi a banɗaki a gidansu na Dar. Ta kai shi wurin wani likita a ɓoye, ba likitan da ke duba matuƙa ba. Likitan ya ce zuciyarsa ta gaji, ko mota kada ya ƙara tuƙawa, balle jirgi. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba sai an kai Sauda ɗakinta. Ya ce daga Mafia zai dawo ya ajiye aiki da kansa, da mutuncinsa, ba a kore shi ba. Ta yi kuka, ta roƙe shi ya bi su ta ruwa. Ya ce mata, "Kwantar da hankalinki. Da Tunu zan tafi. In wani abu ya faru, yarinyar za ta sauke jirgin."

Yaya, ta faɗa mini wannan ne tana murmushi cikin hawaye, kamar mai miƙa mini kyauta. "Kin ga yadda ya yarda da ke? A duk ɗalibansa ke ya zaɓa."

 Kunnuwana suka ɗauki ƙara kamar ina cikin jirgi. Na tuna makonnin nan na ƙarshe. Kullum sai ya fitar da ni bayan yankin hasumiya ya ce in nemi izinin shiga da bakina, mu sauka, mu tashi, mu sake. In na yi in'ina ya buga cinyarsa ya ce, "Sake! In na mutu a kujerar nan wa zai yi miki magana?" Ina dariya ina cewa Allah ya kiyaye, Kyaftin. Na ɗauka salon koyarwa ne. Har na yi wa Mama alfahari na ce malamina ya ce na kusa.

Ya sani. Ya auna gwangwanin halwa ɗaya bayan ɗaya don kada jirgi ya yi nauyi, alhali ya san abin da ke ƙirjinsa. Ya sa ni a ciki. Ya sa yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, a kujerar baya yana tsokanarta. Da Bi Mgeni ba ta da ƙarfin hannu, da yanzu ana neman mu a ƙasan teku kusa da Nyororo. Mutanen babban jirgin nan kuwa ko sunansa ba su sani ba.

Kuma mutumin nan shi ne ya zo har gidanmu ya zauna a tabarma ya lallashi Mama ta bar ni in koyi tuƙi. Shi ne ya tsaya a bakin titin jirgi ranar da na fara tashi ni kaɗai, na sauko na tarar ya jiƙe da gumi ya fi ni. Na rasa wanne ne shi. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai ta maƙale mini.

Kafin in fita ta riƙo gefen zanena. Ta ce ta ji masu bincike za su kira ni. "Ke dai kin ga ya faɗi, shi ke nan abin da kika gani. Kada sunansa ya ɓaci, Tunu. Sunan nan shi kaɗai ya bar wa 'ya'yansa." Na ce na ji. Ban ce to ba.

Bi Mgeni ba ta sani ba. Tun asibiti ba ta yi mini magana ba, amma ɗazu ta turo mini kofin shayi da gurasar shinkafa, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Yaya, me zan yi? Ki rubuto da wuri.

Taki,
Tunu.


Ilala,
Satumba, 1996.

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki da turaren da kika aiko, na gode, Allah ya bar zumunci. Na ji daɗi da Nassoro ya koma makaranta. Mama tana fama da ɗan ciwon gwiwa amma da sauƙi.

Kin ce in yi shiru, mamaci ya riga ya tafi, in tattara in taho Maskat in huta. Na san don kina sona kika faɗa. Amma takardarki ta iso bayan na riga na yi magana.

Mutum uku ne a ɗakin binciken. Suka yi mini tambayoyi a kan iska da mai da hanyar da na bi. Can babbansu ya cire tabarau ya ce, "Ko kin san wani abu game da lafiyarsa?" Na buɗe baki in ce a'a. Sai na ga tayoyin jirgin nan a kanmu. Akwai wasu malaman, Yaya, akwai wasu ɗaliban. Na faɗa musu duka. Babban ya daɗe yana kallon tebur, ashe tare suka yi makaranta da Kyaftin. Ya ce, "Shomari? Shomari da kansa?"

Yanzu magana ta bazu. A makaranta wasu malaman ba sa amsa gaisuwata. Mama Sauda ta aiko ƙaninta ya faɗa wa Mama cewa ta ɗauke ni 'ya, na saka mata da tonon asiri. Tun ranar nan ban ƙara tuƙa jirgi ba. In na ji ƙararsa a sama sai in tsinci kaina a tsaye.

Shekaranjiya aka yi sallama, sai ga Bi Mgeni da jakarta. Ita ma an kira ta ta ba da shaida, a can ta fara jin gaskiya, a bakin baƙi. Ta zauna daɓas a tabarmarmu ko gaisawa ba a gama ba.

"Ɗan banzan yaron nan! Ni na goya shi, ni na yi masa tsarki, shi ne zai zuba ni a teku da halwar mutane? Wai ni ce rabin nauyin jirgi!"

Mama ta ce, "Bi Mgeni, a yi wa mamaci addu'a."

"Ina yi! Da safe in yi masa addu'a, da yamma in zage shi. Ƙanena ne, ba wanda zai hana ni."

Sai ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba a makoki. Ni ma na kama. Da muka lafa ta share fuska ta ce maganar da ta faɗa mini a asibiti in zubar da ita, ba ta cikin hankalinta. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ji yadda kika bushe kamar kifin shanya. Ke ce matarsa da za ki yi masa takaba? An ce kin daina tuƙi. Shi ya yi abinsa, ke kuma ki zauna ki ruɓe?"

Ta ce za a ɗaura auren Sauda ba kiɗa ba taro in uwarta ta fita takaba. Sauda ta ce lalle in zo. Uwarta ta ce kada in taka mata gida. Na tambayi Bi Mgeni wanne zan bi. Ta ce, "Gidan ubana ne kafin ya zama nata."

Ban yanke shawara ba. Amma kada ki saya mini tikiti tukuna.

Ƙanwarki,
Tunu.


Kilindoni, Mafia,
Disamba, 1996.

Yaya Mwanaidi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki duba inda na rubuto wannan takarda.

Na koma makaranta a watan jiya da wata sabuwar malama. Kafin a ba ni lasisi dole in yi doguwar tafiya ni kaɗai, ta tambaye ni ina nake so. Na ce Mafia. Ta dube ni ta ce, "Kin tabbata?" Muka zo tare sau biyu na koyi filin, ba mu shiga gari ba. Ran Alhamis na taho ni kaɗai. Na tambayi Bi Mgeni da wasa ko in na sami lasisi za ta ƙara bina, ta ce ko a mafarki ta ga jirgin sama sai ta farka ta yi alwala.

Ba zan ɓoye miki ba, da na iso kan Nyororo komai ya dawo mini sabo. Kujerar dama, ta Kyaftin, ba kowa, amma na kasa kallonta. Na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina har tsibirin ya wuce ta ƙarƙashin fiffike. Na sauka lafiya. Ba kowa a filin sai ma'aikaci ɗaya da awaki.

Na fara zuwa kabarinsa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa masa, maganganu masu zafi. Da na tsaya sai na ji ba ko ɗaya. Na ce, "Kyaftin, ba ka kyauta mini ba." Daga nan na yi masa addu'a, ta fito ba tare da ta maƙale ba.

An ɗaura auren jiya bayan sallar Juma'a. Sauda ta rungume ni a ƙofa ta ja ni ciki kafin in yi tunanin komawa. Ɗakin cike da mata, ba wurin zama, ko'ina ya yi tsit da na shiga. Mama Sauda na zaune a tabarma jikin bango, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba. Na sake gaishe ta. Ta kawar da kai tana kallon taga, har na ji matan sun fara motsi don kunya. Na yunƙura zan tashi in fita.

Sai ta tattara zanenta ta matsa gefe, ta bar wuri a tabarmar daidai zaman mutum ɗaya. Ba ta dube ni ba. Na zauna. Har aka watse ba ta ce mini uffan ba, ni ma ban ce ba. Da aka kawo faranti, tare muka ci.

Gobe da safe zan koma in gari ya yi kyau. Ki gai da maigidanki da yara. Ki ce wa Nassoro ya ci gaba da karatu, ina nan zuwa ganinsu bayan azumi, a babban jirgi, a kujerar fasinja.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tunu.